Huda ta Takwas

Sada mai agogo, inuwar bedi, Ƙofar Marusa:
tebur guda, gilashi maƙale a ido guda,
gwangwanin madara cike da kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba.
Na kwance bakin hankici, na miƙa masa agogon Baba.

Ya kara a kunne, ya daɗe.
Ya ce, "Inji lafiya lau.
Ai akuya ba ta ɓata don ciwon ciki, Malama,
igiya ke tsinkewa."

Ya nuna mini kunnuwan agogon, biyu sama, biyu ƙasa,
da siririn ƙarfen da ke gicciye tsakaninsu,
mai rami a ciki, da ɗan sifirin kwance a ramin,
yana tokare hagu, yana tokare dama.
"Tsinken sakace ya fi shi kauri,
amma kowa a wuyansa yake.
Ba ya ƙara, ba ya ƙyalli, ba mai tambayar sunansa.
Ran da ya gaji, sai dai ki ji ƙas a kan siminti."

Haka na ji shi, ƙas,
ran sadakar bakwai, ina kwashe tabarmi.

Ya juya kan maɗaurin.
Fatar akuya ce, aikin wani baduku a Daura,
ja ce a da, gumi ya mai da ita launin tsamiya.
Ya ɗaga harshen ƙarfen da farce,
wanda ke shiga huda ya kwanta kan gadonsa,
ya ce, "Wannan ya sha alwala.
Sau biyar a cire, sau biyar a mayar,
dubi yadda fata ta cinye ƙarfe.
A canza duka. Ina da na silba mai gaɓa-gaɓa,
ƙulli ɗaya, ƙyat, ya kama,
in ya yi yawa a zare gaɓa biyu."

Ban amsa ba. Ina ƙirga huda.

Biyar na farko baduku ya yi,
a jere, tazara ɗaya, kamar ramukan dara.
Ta biyu ta fi kowace faɗi:
nan Baba ya zauna shekara ashirin da shida,
yana auna wasiƙu a gidan waya,
hannu cike, murya cike.
Ta uku, shekarar fansho.
Ta huɗu da ta biyar, damina ɗaya ta ci su.

Sauran ukun ba baduku ba ne.
Ta shida da basilla, ta ɗan kauce layi.
Ta bakwai da ƙusa, ya ɗora kan turmi ya buga,
yana dariya, wai agogo ne ya yi ƙiba.
Ta takwas ban san ran da ya yi ta ba.
Ba ta ko zagaye,
tsaga ce kawai, irin ta hannun da ke rawa,
can kusa da kunnen agogo,
inda fata ta ƙare.

Kullum muna tambaya, "Baba, ya jiki?"
Kullum, "Da sauƙi."
Ashe yana rubuta gaskiyar a nan.

Na ce, "Malam Sada, siririn ƙarfen kaɗai."
Ya dube ni ta idon da ba gilashi.
Ya zazzage gwangwani, ya tsinto ɗaya da hantsaki,
ya danne kansa, ya sake.
Ƙyas. Ya shige.
Ya ja maɗaurin sau biyu, kamar mai gwada igiyar guga.

"Kawo hannun, in ga inda zan huda miki."

Na miƙa. Ya zagaya fatar,
ya wuce ta baduku, ya wuce ta basilla, ya wuce ta ƙusa.
Harshen ya faɗa ta takwas,
ya kwanta daram.

Sada ya ajiye abin hudarsa.
Ya ce, "Ɗari biyu."
Keke-napep ya wuce, ganyen bedi ya faɗo kan tebur.
La'asar saura minti tara.